Dogara ga Allah a Lokacin Tsoro: Koyarwar Kiristocin Nijar

Dogara ga Allah, a koyarwar Kirista, ita ce mutum ya danƙa ransa da iyalinsa da gobensa a hannun Allah tun haɗarin da ke gabansa bai gushe ba. Musulmi da Kirista duk sun san maganar nan ta Hausawa, dogaro ga Allah jari ne. Abin da Kirista yake jingina da shi shi ne mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa: tunda kabari bai riƙe Yesu ba, mai bi ya gaskata shi ma ba a nan zai ƙare ba.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, bai ɓoye tsoron bayin Allah ba. A Zabura 56 Dawuda ya ce ranar da tsoro ya kama shi, a ranar zai dogara ga Allah. Ke nan tsoron yana nan, dogarar kuma tana tafiya tare da shi. A Markus 4 almajirai sun firgita cikin jirgin ruwa har suka ta da Yesu daga barci. Waɗannan, da Zabura 23 da Ishaya 41:10, su ne ayoyin da fastoci suka fi buɗewa idan gari ya rikice.

A Nijar maganar tana da nauyi na musamman, domin Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya buɗe asibitin Galmi da ke jihar Tawa a 1950, inda akasarin majinyata Musulmi ne. An daɗe ana zaman lafiya, ana cin kasuwa ɗaya, ana zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Shi ya sa abin da ya faru a Janairun 2015 ya girgiza mutane. Bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar 16, ta isa Yamai ranar 17. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu, 'yan sanda kuma suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Shugaba Mahamadou Issoufou ya ayyana makoki na kwana 3.

A kwanakin nan ne aka ga abin da koyarwar take nufi a aikace. Shugabannin Katolika da na sauran ikilisiyoyi sun yi kira da a yafe, ba a kuma ɗauki fansa ba. Wasu ikilisiyoyin sun koma sujada cikin bangon da hayaƙi ya baƙanta, ba rufi, ba kujeru, mata na shimfiɗa tabarmi a kan toka. Bai kamata a manta ba cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Mai bi yana ganin hannun Allah a cikin wannan maƙwabcin, kuma daidai ne ya gani, don tsoron da ya fi ɓarna shi ne wanda ke sa mutum ya daina gaisa da na kusa da shi.

A gida abin ba shi da hayaniya. Da asuba, kafin ɗa ya shiga motar Abalak, uwa za ta riƙe hannunsa ta karanta Zabura 121, ta ce, "Ɗana, Ubangiji ya kai ka lafiya, ka kira ni in kun sauka." Sai ta koma wajen tukunyarta, waya na ɗaure a bakin zane.

Inda ake samun saɓani shi ne batun tsayawa ko gudu. Wasu na ganin barin gari raunin bangaskiya ne. Yawancin malaman ikilisiya ba su yarda da haka ba: a Matiyu 10:23 Yesu da kansa ya ce in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani, an zurara Bulus cikin kwando ta ganuwar Dimashƙu, Nehemiya kuma ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi. Tambayar ta ƙara zafi tun da 'yan bindiga suka matsa wa yammacin ƙasar. An sace Ba'amurke Jeffery Woodke, Kirista ma'aikacin agaji, a Abalak a Oktoban 2016, bai kuɓuta ba sai Maris 2023. An ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga ta jihar Tilaberi a Satumban 2018, aka sako shi a Mali a Oktoban 2020. Bala'in bai zaɓi addini ba, domin mutum 137 da aka kashe a yankin Tillia na jihar Tawa ranar 21 ga Maris 2021 daga al'ummar Musulmi ta Abzinawa suke. Iyalan Kiristoci Gurmawa da yawa sun bar ƙauyukansu na wajen Makalondi, wasunsu suna Yamai yanzu, suna sujada tare da ikilisiyoyin da suka karɓe su.