Waiwaye: Yadda János Vitéz ya fito daga waƙa zuwa majigi

Fim ɗin János Vitéz da aka haska a Hangari a 1939 yana cikin finafinan farko masu magana da waƙa da harshen ƙasar da suka ɗauko labarin aljanu da tsafi. Shekara takwas kacal ke nan da soma finafinai masu sauti a can, domin a 1931 aka fara. Amma labarin ya girme majigi nesa ba kusa ba.

A ƙarshen 1844 mawaƙi Sándor Petőfi, yana ɗan shekara 21, ya rubuta doguwar waƙa mai babi 27, aka buga ta a 1845. Da harshen ƙauye ya rubuta ta, irin na tatsuniyar da ake yi wa yara da dare, a lokacin da manyan marubuta ke ganin adabi sai da kalmomi masu nauyi. Jarumin tsintacce ne, a gonar masara aka same shi, shi ya sa ake kiransa Kukorica Jancsi, wato Jancsi na masara. Makiyayi ne, yana son Iluska, marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa. Ranar da hira da ita ta ɗauke masa hankali tumaki suka ɓace, aka kore shi daga ƙauye. Ya shiga rundunar mahaya, ya ceto 'yar sarkin Faransa daga hannun Turkawa, sarki ya laƙaba masa János Vitéz, wato jarumi János, ya ba shi 'yar da sarauta. Ya ƙi. Da ya dawo gida sai ya tarar Iluska ta rasu. Ya ciri fure a kan kabarinta, ya ratsa ƙasar ƙatti da ta mayu har ya isa ƙasar aljanu, ya jefa furen cikin tafkin rai, Iluska ta tashi.

Petőfi bai ga abin da waƙarsa za ta zama ba. Ya ɓace a fagen daga kusa da garin Segesvár a 1849, a yaƙin neman 'yancin Hangari, yana shekara 26.

Abin da aka fi mantawa shi ne fim ɗin 1939 ya biyo ne ta kan dandali. A 1904 Pongrác Kacsóh ya sa wa labarin kiɗa, aka nuna shi a gidan wasan Király da ke Budapest, kuma mace ce, Sári Fedák, ta fito a matsayin Jancsi. Wasan ya ƙaro wani mutum da babu shi a waƙar, Bagó, ya kuma juya ƙarshe. A wurin Petőfi masoyan sun zauna a ƙasar aljanu suna mulki. A dandali kewar gida ta ja su suka koma ƙauye. A ganina wannan sauyi ya rage wa labarin kaifi, domin Petőfi ya san ƙauyen ne ya kori Jancsi, ya kuma zuba ido kishiyar uwa ta ga bayan Iluska. Duk da haka waƙoƙin Kacsóh sun shiga bakin jama'a, su ne masu kallo suka je nema a silima. An yi fim marar magana a 1916, amma labarin da waƙa ta ɗaukaka ba ya cika sai da murya. Shi ya sa a 1939 aka ɗauko mawaƙin opera Imre Palló ya zama János, Margit Dajka kuma Iluska.

Daraktan, Béla Gaál, shi ne ya yi Meseautó a 1934, fim ɗin da ya ja jama'a ƙwarai. Bayahude ne, kuma dokokin wariyar Yahudawa na 1938 da 1939 suka rufe masa ƙofar sana'a. Mutumin da ya ɗora jarumin al'umma a majigi ya mutu a Dachau, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Jamus.

A 1973, don cika shekara 150 da haihuwar Petőfi, Marcell Jankovics ya koma kan waƙar kanta ya yi dogon fim ɗin zane na farko a Hangari, ya bar János da Iluska a ƙasar aljanu inda mawaƙin ya ajiye su.