Ƙwayar Azurfar da ke Cikin Kwantakta: Tambayoyi da Amsoshi kan Ingancinta

Duk wanda ya taɓa kwance kwantakta ta canji-oba, wato makunnin da ke haɗa wuta ya yanke ta da ƙarfin maganaɗisu, ko rilen da ke cikin sitabilaiza, ya ga wasu 'yan ƙwayoyi farare manne a bakin ƙarafan da ke haɗuwa idan an kunna. Wata ba ta fi ƙwayar dawa ba, wata ta kai wake. Masu aikin wuta suna ce musu kwantak. Duk wutar da za ta shiga gida, ko injin niƙa, ko famfon burtsatse, ta wannan ɗan wurin take bi, kuma daga nan ɓarna ta fi farawa idan kayan na jabu ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Me ya sa ake sa azurfa, alhali da jan ƙarfe ake yin waya?

Azurfa ta fi kowane ƙarfe barin lantarki ya wuce. A ma'aunin da injiniyoyi ke ba jan ƙarfe maki 100, azurfa tana samun kusan 106. Sai dai wannan 'yar tazarar ba ta isa ta sa kamfani ya kashe kuɗinsa ba. Ainihin dalilin yana ga tsatsa. Jan ƙarfe idan ya yi zafi a cikin iska sai ya yi wata baƙar fata wadda ke tare wuta. Fatar ta jawo ƙarin zafi, zafin ya ƙara mata kauri, haka dai har wurin ya ƙone. Azurfa ba ta faɗa wa wannan tarkon, domin tsatsar da iskar oksijin ke yi mata ba ta jure zafi: idan ya haura digiri 200 sai ta rushe ta koma azurfa.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. Ragnar Holm, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin wanda ya yi aiki da kamfanin Siemens a Jamus, ya nuna cewa ƙarafa biyu, komai santsinsu, ba sa haɗuwa da dukkan fuskarsu. A wasu 'yan ɗigo-ɗigo kawai suke taɓa juna, wutar kuma dole ta matse ta bi ta nan, kamar garken shanu a ƙofar kara guda. Wannan matsin shi ne ke haifar da turjiya, turjiya kuma ta haifar da zafi. Lissafin mai sauƙi ne. Idan amfiya 40 ke wucewa ta kwantak mai turjiyar miliyom 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na om, ma'aunin turjiya, zafin da ke fita wat 1.6 ne. Idan turjiyar ta kai miliyom 10, zafin ya zama wat 16, a kan wurin da bai fi farce ba, cikin gidan roba rufaffe. Warin ƙonewar da ake ji a allon wuta sau da yawa daga nan yake.

To, mafi kyawun kwantak shi ne na azurfa tsantsa ke nan?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Tunanin mai sayen zobe ne, wanda ke neman hatimin 925 don ya tabbatar ba a cika masa gauraye ba. A harkar wuta, gaurayen shi ne gwanintar.

Azurfa tana da laushi, tana narkewa a digiri 962. Duk lokacin da kwantak ya buɗe alhali wuta na gudana, wani harshen tartsatsi yana tashi tsakanin fuskokin biyu, zafinsa dubban digiri ne. Haka ma lokacin rufewa, domin ƙarafan suna ɗan yin tsalle kafin su zauna. Azurfa tsantsa a irin wannan hali tana zaizayewa da wuri, kuma abin da ya fi muni, fuskokin suna iya narkewa su manne da juna kamar an yi musu walda. Kwantakta ta manne, a kashe ta ƙi mutuwa. A canji-oba wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin wutar janareta da ta NEPA na iya karo.

Shi ya sa ake haɗa azurfar da wani abu gwargwadon aikin. Azurfa tsantsa, mai kashi 99.9 cikin 100, ta ƙananan kaya ce masu jan wuta kaɗan. Azurfa da nikel, galibi kashi 90 da 10, ita ake samu a ƙananan rile da makunnai. Azurfa da tsatsar kuza, wadda ake rubuta wa AgSnO2, yawanci kashi 88 da 12, ita ce ta mamaye kwantaktocin injuna a yau, saboda tana ƙin mannewa idan wuta ta shigo da ƙarfi. A cikin birekar gida akan sa azurfa mai ɗan girafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir, kashi 3 zuwa 5, domin ta fi kowace ƙin walda ko da yake tana cinyewa da sauri. Manyan bireka kuwa da tangistin ake haɗa tasu, ƙarfen da sai ya kai digiri 3,422 yake narkewa.

Su waye ke gindaya ƙa'idojin?

Ƙa'idojin hawa biyu ne. Na farko ya shafi ƙarfen kansa, kafin a manna shi a jikin komai. A nan ƙungiyar ASTM ta Amurka ce aka fi ji: B742 ta azurfa tsantsa ce, B693 ta azurfa da nikel, B631 ta azurfa da tangistin, B844 ta azurfa da tsatsar kuza, B700 kuma ta shafen azurfa da ake yi wa ƙarfe ta hanyar lantarki. Waɗannan takardu ne tsakanin mai ƙera kwantak da kamfanin da ke saye a wurinsa.

Hawa na biyu ya shafi na'urar baki ɗaya, kuma shi ne ya fi amfanar mai saye. Hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, wadda aka kafa a 1906 kuma take da mazauni a Janeba, ita ke da wannan fagen. IEC 60947-4-1 ta kwantakta ce da na'urorin tayar da motar lantarki (injin da wuta ke juyawa), IEC 60898-1 ta birekar gida, IEC 61810 ta rile, IEC 60669 ta makunnan bango. Abin lura shi ne IEC ba ta ce wa kamfani ya sa azurfa kaza ko kuza kaza. Cewa take yi na'urarka ta ɗauki wuta kaza, ta buɗe ta rufe sau kaza, zafinta kada ya wuce kaza. Yadda za ka cim ma hakan ruwanka ne. Ni dai ina ganin wannan ita ce hanyar da ta fi hankali, domin kwantak mai azurfa ta gaske da aka manna da mugun lami ba shi da wani fifiko a kan na jabu.

Me ake gwadawa a masana'anta?

Ana fara da sinadaran: nawa ne azurfa, nawa ne abokin gaurayenta, akwai dalma ko wani datti a ciki. Na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an fasa shi ba tana yin wannan cikin daƙiƙoƙi. Sai nauyi gwargwadon girma. Azurfa tsantsa tana da giram 10.49 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, kowane gauraye ma yana da nasa adadin. Idan ƙwaya ta gaza, akwai ƙananan ramuka a cikinta, musamman wadda aka yi ta hanyar danne garin ƙarfe a gasa shi. Ana auna tauri. Ana yanka samfuri a duba shi da madubin ƙara girma, a ga ko tsatsar kuzar ta bazu daidai ko ta dunƙule wuri guda kamar gudajin koko.

Sai kauri da mannewa, inda aka fi yin ha'inci. Yawancin ƙananan kwantak kamar kan ƙusa suke: fuskar azurfa, jikin jan ƙarfe. Wannan ba algus ba ne, tsari ne da aka sani don rage tsada, muddin fuskar tana da kaurin da aka yi alkawari kuma ta kama jikin sosai. Algus shi ne a yi wa jan ƙarfe ko tagulla shafe siriri, ya yi ta ƙyalli a shago, bayan 'yan makonni tartsatsi ya lashe shafen. Manyan kwantak kuma da lami ko walda ake manna su, ana duba su da na'urar sauti don a gano inda bai kama ba, domin duk wani gurbi a ƙarƙashin ƙwayar yana tare zafi ya hana shi fita.

Daga ƙarshe a haɗa na'urar a sa ta aiki. A ɗora mata cikakkiyar wutarta har zafinta ya tsaya, a auna. IEC 60947-1 ta yarda zafin bakin da ake ɗaura waya ya ƙaru da digiri 60 a kan na ɗaki idan jan ƙarfe ne tsirara, 70 idan an shafe shi da azurfa ko nikel. Kuma duk wannan an gina shi ne a kan cewa zafin iskar wurin ba zai wuce digiri 40 ba, matsakaicinsa a yini da dare kuma kada ya haura 35. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas a watan Afrilu, ya kuma san akwatin ƙarfe da aka kafa a bangon da rana ke duka, ya san an riga an ƙetare wannan sharaɗin tun kafin a kunna komai. A irin waɗannan wurare gara a sayi wadda ta ɗara buƙata, a kuma nema mata inuwa.

Mene ne AC-1 da AC-3 da ake rubutawa a jikin kwantakta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ceton kuɗi. Nau'in kayan da za a kunna ne. AC-1 na kayan da ke jan wuta salin-alin ne, irin su hita. AC-3 na motar lantarki ce, wadda a lokacin tashi take jan ninki shida zuwa takwas na abin da take ci idan ta daidaita. Gwajin juriyar AC-3 ma haka ake yin sa: kwantakta ta rufe a kan ninki shida na wutarta, ta buɗe a kan ninki ɗaya, a yi ta maimaitawa. AC-4 ya fi tsanani, na motar da ake kunnawa a kashe a-kai-a-kai ko a juya mata baya tana cikin gudu.

Don haka kwantakta ɗaya tana da lamba biyu. LC1D25 ta kamfanin Schneider, alal misali, amfiya 25 ce a AC-3, amma 40 a AC-1. Mai shago zai iya nuna maka 40 ɗin bai yi ƙarya ba. Kai kuma ka ɗora mata famfon burtsatse mai cin 35, ta manne cikin wata biyu, ka ce jabu aka sayar maka. Ba jabu ba ce, layin da bai dace ba aka karanta.

An ce wasu kwantak na da guba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Shekaru da dama gaurayen azurfa da tsatsar kadmiyam, AgCdO, shi ne sarki a wannan fage, kuma a wajen aiki ba shi da laifi. Amma kadmiyam yana lalata ƙoda da ƙashi da huhu, yana kuma cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Shi ne sanadin cutar itai-itai da ta addabi mutanen yankin Toyama a Japan. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2006, ta taƙaita shi zuwa kashi 0.01 cikin 100 a kayan lantarki, ninki goma ƙasa da abin da ta yarda wa dalma. An ɗaga wa kwantak ƙafa a cikin dokar, amma manyan kamfanoni sun karkata zuwa tsatsar kuza.

Tsofaffin kwantaktoci masu kadmiyam suna nan birjik a masana'antu da kasuwannin kayan gwangwan. Wanda ke ciro ƙwayoyin ya narka don azurfarsu, hayaƙin nan da yake shaƙa shi ne haɗarin, kuma ido ba ya bambance mai kadmiyam da marar shi.

Kwantak ya yi baƙi. In goge shi da samfefa?

Kada ka goge. Baƙin da azurfa ke yi daga sinadarin farar wuta da ke cikin iska yake zuwa, irin wadda ke tashi daga kwata, masai, da majema. A kwantakta mai ɗaukar wuta mai yawa, bugun rufewa da tartsatsin suna fasa wannan fatar da kansu. Haka ma 'yan ƙuraje da ramukan da ke fuskar, al'adar aikin ce. Magagari da samfefa suna cinye azurfar da dama ba ta da yawa, samfefa ma ta bar yashi a wurin. Idan ƙwayar ta cinye har jan ƙarfen ƙasa ya kusa bayyana, a canja duka saitin layukan uku lokaci guda.

Inda baƙin ke da illa shi ne ƙananan rile masu ɗaukar saƙo da 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta da ƙarfin fasa fatar. Waɗannan shafen zinariya ake yi musu.

Zan iya sa birekar NEPA a layin sola ko batir?

A'a, sai wadda aka rubuta wa DC, wato irin wutar batir, da adadin bolt ɗin da take ɗauka. Wutar NEPA tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa guda, tartsatsin kan mutu a nan. Wutar batir da faranti ba ta da wannan hutun, harshen yana iya ci gaba da ci har ya cinye kwantak da gidansa.

Mai saye a Sabon Gari ko Alaba, da ba shi da ɗakin gwaji, yaya zai yi?

Ba zai iya auna azurfa da ido ba, amma ba a bar shi hannu rabbana ba. Ya duba lambar ƙa'idar IEC a jikin na'urar kanta, ba a kwali kaɗai ba, tare da jadawalin AC-1 da AC-3. A birekar gida ya nemi lambar da ke cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, 4500 ko 6000 ko 10000, wato yawan amfiyar da za ta iya katsewa idan waya ta haɗu. A Najeriya kayan lantarkin da ake shigowa da su suna ƙarƙashin tsarin SONCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, kuma dila na gaskiya ba ya jin haushi idan an tambaye shi takardarsa. Rubutu dai ana iya kwaikwayonsa, don haka a haɗa da nauyi a hannu: wadda aka rage wa jan ƙarfe da azurfa ba ta kai ta asali nauyi.

Mai sayen da yawa, kamar ɗan kwangila, ya sadaukar da guda ɗaya. Ya kwance ta, ya karce gefen ƙwayar da magagari ya ga zurfin farin kafin ja ya fito, ya kuma gwada ɓamɓare ta da sukundireba. Bayan an ɗaura sauran, a bar su su yi awa guda da cikakken lodi, sannan a haska kowane baki da na'urar auna zafi ta nesa. Layin da ya fi 'yan'uwansa biyu zafi, ko dai sukurunsa bai ɗauru ba, ko kwantak ɗinsa ne.