Me ya sa manhaja ke buɗewa a monitar da ba ita kake so ba?

Ina da monita biyu, amma kullum manhajata a ta hagu take fitowa. Wa ke zaɓar mata wuri?

Galibi ita manhajar ce da kanta. Windows tana ɗaukar allunanka duka a matsayin fili guda, tana lissafinsa da lambobi. Kusurwar sama ta hagu a babbar monita, wato wadda Windows ta ɗauka a matsayin ta farko, ita ce 0,0, kuma monitar da ke hagunta lambobinta ƙasa da sifili suke. Manhaja mai kyau tana adana lambobin inda tagarta take lokacin da ka rufe ta, ta koma can idan ka sake buɗewa. Wata kuwa ba ta adana komai, sai ta faɗa babbar monita. Shi ya sa dabara ɗaya ta yi aiki a wannan manhaja, ta ƙi a waccan.

To, ta yaya zan sa ta zauna inda nake so?

Fara da mai sauƙi. Rage girman tagar kada ta cika allo, ja ta zuwa monitar da kake so, ka rufe ta a can, sannan ka sake buɗewa. Rage girman nan yana da muhimmanci, domin wasu manhajojin wurin ƙaramar tagar suke riƙewa. Idan ba ka son ja da linzami, danna maɓallin Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, tagar za ta tsallaka. In ta ƙi, shiga Settings, System, Display, zaɓi monitar, ka sa alama a "Make this my main display". Yawancin wasannin da ke cika allo wannan kaɗai suke ji.

Na shirya komai, sai aka ɗauke wuta, tagogina duka suka taru a allon laftop. Me ya faru?

Wannan shi ya fi damun mutane a wurinmu. Laftop tana da batir, monita ba ta da shi. Da zarar monitar ta mutu, Windows za ta ga allo ɗaya ya ɓace, sai ta kwashe tagogin da ke kansa ta maido su inda za ka gan su. Gaskiyarta ne, ai ba za ta bar aikinka a allon da babu shi ba. Matsalar ita ce Windows 10 ba ta mayar da su idan wuta ta dawo. Haka ma monitar da aka haɗa da wayar DisplayPort: wani lokaci barci kawai za ta yi, kwamfutar ta ɗauka an zare ta.

Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da maganin wannan. A shafin Display ɗin nan, ƙarƙashin Multiple displays, kunna "Remember window locations based on monitor connection". Idan monitar ta dawo, tagogin su koma mazauninsu. Mai Windows 10 kuma, ya gwada wayar HDMI idan barcin monita ne matsalarsa, ko ya jona monitar da UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir, idan wuta ce.

Alamar manhajar a ƙasan allo tana nuna a buɗe take, amma tagar ba ta ko'ina. Ina ta shiga?

Ta tafi allon da ka cire, sau da yawa majigin da aka yi taro da shi. Zaɓe ta da Alt da Tab, sannan Windows da Shift da kibiya. In hakan bai yi ba, danna Alt da Space, sai M, sai kowace kibiya, ka motsa linzami, za ta biyo shi. Duba Windows da P ma, ko an bar kwamfutar a kan Extend, zaɓin da ke shimfiɗa aiki zuwa allo na biyu.

Mai Mac ko Linux fa?

A Mac, danna maɓallin dama na linzami a kan alamar manhajar a Dock, jerin alamomin manhajoji, ka shiga Options, ƙarƙashin Assign To ka zaɓi allon. A Linux, mai amfani da tsarin tebur na KDE yana da Window Rules, inda ake saka wa taga dokar wurin zama. Amma a Wayland, sabon tsarin nuna tagogi na Linux, manhaja ba ta da ikon zaɓar wa kanta wuri, tsarin ne ke ajiye ta.

Sai na sayi wata manhaja ta tilasta mata?

A ganina ba sai ka saya ba. PowerToys na Microsoft kyauta ne, kuma FancyZones da ke cikinsa, mai raba allo yanki-yanki, yana iya mayar da sabuwar taga yankin da ta zauna a ƙarshe. Wata manhajar, DisplayFusion, ta fi shi dokoki, amma cikakkiyarta ta kuɗi ce, kuma sai mai monita uku ko huɗu zai ga amfanin kuɗin nasa.