Koyarwar sa-kai ta shekara guda a makarantun karkarar Kano da Jigawa

Koyarwar sa-kai ita ce mutum ya ba da lokacinsa ya koyar a makarantar da ke fama da ƙarancin malamai, ba tare da an ɗauke shi aiki na dindindin ba. Wani ba ya karɓar ko sisi, wani kuma ana ba shi ɗan alawus ko ihisani wanda bai kai albashi ba. A ƙauyukan Kano da Jigawa akasari shekarar karatu guda ake yi, wato zango uku, daga Satumba zuwa Yuli, kuma firamare da ƙaramar sakandare ne suka fi buƙatarsa.

Asali

Koyarwa don Allah daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. A tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, malami kuma ba ya jiran ƙarshen wata, abin da ke shigo masa bai wuce kuɗin Laraba da sadaka da amfanin gonar da almajirai suka taya shi nomawa ba. Islamiyyu da yawa har gobe a kan wannan turba suke. Shi ya sa idan saurayi ya gama NCE, wato karatun samun takardar shaidar malanta, ya dawo gida ya ce zai riƙa shiga aji kafin aiki ya samu, mutanen gari ba sa ganin baƙon abu. Aikin gayya suke ɗaukarsa.

A ɓangaren boko, yaƙi da jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950 ya dogara ga mutanen gari masu ɗan karatu da suka riƙa koya wa manya karatu da rubutu da Hausa. Daga waje ma an samu masu zuwa: 'yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun fara isowa Nijeriya a 1961, yawancinsu kuma koyarwa suka yi. Amma babban giɓin malamai ya buɗe ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka cika makarantu fiye da yadda kwalejojin horon malamai za su iya yaye masu koyar da su. Shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, da dokarsa ta 2004, ya ƙara yawan ɗalibai, giɓin kuwa bai rufe ba. A Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi.

Su wa ke yi

Wanda aka fi sani shi ne ɗan bautar ƙasa, wanda yara ke kira kofa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC a ranar 22 ga Mayu, 1973. Bayan mako uku a sansani, na Kano a Kusalla cikin Ƙaraye, na Jigawa a Fanisau kusa da Dutse, ana tura da yawansu makarantu. Bautar ƙasa dai wajibi ce, ba zaɓi ba, sai dai abin da wasu ke yi bayan an tashi daga makaranta, kamar darasin yamma kyauta, wannan kam sa-kai ne.

An kuma samu shirye-shiryen gwamnati masu alawus, irin su N-Power da aka fara a 2016 da Naira 30,000 a wata, da J-Teach na Jihar Jigawa, wanda daga baya aka mayar da wasu malamansa na dindindin. Sai malaman PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, waɗanda iyaye ke haɗa musu abin da ya sawwaƙa. Waɗannan na ƙarshe ba a cika ambatonsu ba, alhali a ƙauyuka da yawa su ne ke hana aji zama ba kowa.

Yadda shekarar ke tafiya

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Sabon malami da ya sauka a ƙauye yakan tarar da ninkin haka ko fiye, yara zaune a tabarma ko a ƙasa, allo ya koɗe, alli ma wani lokaci sai hedimasta ya saya daga aljihunsa. Kafin ya shiga aji, al'ada ce a kai shi ya gaida dagaci ko mai unguwa da limamin gari. Wanda ya raina wannan gaisuwa yakan sha wahala daga baya, domin idan yara suka daina zuwa, ta bakin waɗannan mutane ake dawo da su.

Zuwan yara kuma yana bin kalandar gona da ta kasuwa. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, lokacin girbin gero da dawa da roron gyaɗa. Zango na uku yana haɗuwa da shuka da noman farko. Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, aji kan ragu, musamman 'yan mata masu talla. A yankin kogin Haɗeja ambaliya kan cinye makonni, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya raba da gidajensu a makarantu. Idan aka cire duk wannan, shekarar da ake magana a kai ba ta cika shekara ba.

Abin da ya fi amfani

A yadda ake koyarwa ne aikin ke yin kyau ko ya lalace. Abin da ke girgiza yawancin masu sa-kai a makon farko shi ne su ga yaro ɗan aji biyar ya kwafe allo tsaf da rubutu mai kyau, amma a nuna masa jimla ɗaya ya kasa karantawa. Idan malami ya bi manhaja kai tsaye, 'yan gaba kaɗan ne za su bi shi, sauran su riƙa amsa amshi.

Hanyar da ta fi dacewa da mai shekara guda ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta ɓullo da ita a Indiya, wato koyar da yaro daidai matakinsa. Ana zama da kowane yaro a gwada shi na 'yan mintuna: ya san baƙi da wasali? Yana iya haɗa kalma? Yana karanta ɗan gajeren labari? Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajin da suke ba, a ware musu lokaci kullum. A lissafi ana amfani da tsinke da ɗaurin goma-goma, wanda karan dawa ma ya isa. An gwada wannan hanya a Kano cikin shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil.

Harshen Hausa na taimakawa ƙwarai, saboda rubutunta na boko yana bin furuci: yaron da ya gane ba, be, bi, bo, bu ya kama hanyar karanta kusan kowace kalma. Da yawa daga cikin yaran sun riga sun san babbaƙu da farfaru a makarantar allo, don haka haɗa baƙi da wasali ba sabon tunani ba ne a wurinsu. Malamin da ya yi amfani da wannan ya rage wa kansa rabin aiki. Nan ne kuma ɗan gari ya fi kofan da ya zo daga Kudu bai jin Hausa, ko da kuwa kofan ya fi shi takardu. Inda aka dace, ana haɗa su biyun: ɗan gari ya riƙe ƙananan azuzuwa, kofa ya ɗauki Turanci da lissafin manya.

Ƙorafi

Masu suka na cewa yawan dogaro da 'yan sa-kai yana ba hukumomi damar jinkirta ɗaukar ƙwararrun malamai masu NCE da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, kuma maganarsu tana kan hanya. Mai digiri a wani fanni daban bai koyi yadda ake riƙe aji ba. Alawus kan makara, masauki kan yi wuya, malamai mata kuma sun yi ƙaranci a karkara duk da cewa zuwansu na sa iyaye su bar 'ya'ya mata a makaranta. Babbar matsalar ita ce ta tafiya: yara sun saba da malami, sun fara karatu, sai wa'adinsa ya cika. Makarantun da suka fi cin moriyar shekarar su ne waɗanda mai sa-kai ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malamin dindindin, ya bar masa littafin da ya rubuta matakin kowane yaro, ya kuma sanar da kwamitin kula da makaranta na SBMC sunayen yaran da ke yawan fashi tun kafin ya ɗaure kayansa.