Inhela ga ƙaramin yaro mai tari

Inhela ƙaramin gwangwani ne mai magani a ciki wanda ake dannawa ya fesa, majinyaci ya shaƙa maganin ya wuce huhu kai tsaye ba sai ya bi ta ciki ba. Irin wacce ake dannawa ɗin nan ta fara fitowa ne a Amurka a 1956. Wacce aka fi sani a asibitoci da kemis ita ce shuɗiyar, mai ɗauke da salbutamol, wanda aka haɗa a Ingila ya shiga kasuwa da sunan Ventolin a ƙarshen shekarun 1960, a Amurka kuma albuterol suke ce masa. Aikinsa guda ɗaya ne, yana sassauta naman da ya kewaye hanyoyin iska na huhu idan sun tsuke, cikin 'yan mintuna yaro zai ji sauƙi, amma bayan kamar awa 4 ƙarfinsa ya tafi. Fesawa ɗaya tana ɗauke da maikrogram 100. Akwai kuma ta rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa ce ko ruwan lemo, irin su beclometasone da fluticasone, ita kullum ake sha ko yaro na lafiya, don kumburin cikin hanyoyin iskar take kwantarwa a hankali, ba ta ceton wanda numfashinsa ya riga ya sarƙe.

Tambayar da iyaye suka fi yi idan likita ya rubuta wa ɗan shekara ɗaya zuwa uku inhela ita ce, shi kenan asma ce da shi? Amsar dai ba lallai ba ne, kuma mafi yawan lokuta ma ba ita ba ce. Hanyoyin iskar ƙaramin yaro sirara ne sosai, mura kaɗai ta isa ta kumbura su har a ji ƙirjin na wani fito kamar kukan kyanwa, musamman idan yana fitar da numfashi, kuma yaro a wannan shekarun yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara ba abin mamaki ba ne balle in yana da yayye 'yan makaranta masu kwaso masa. Wani bincike da aka yi a garin Tucson na Amurka, wanda aka wallafa a 1995, ya bi yara tun daga haihuwa har shekara 6, aka ga kusan ɗaya cikin uku sun taɓa wannan fiton ƙirji kafin su cika shekara 3, amma wajen shida cikin goma na waɗannan yaran abin ya rabu da su kafin shekara 6, huhun ya girma hanya ta buɗe kenan.

Sannan gwajin hura iska cikin na'ura da ake tabbatar da asma da shi, yaro ƙasa da shekara 5 ba ya iya yinsa yadda ya kamata. Shi ya sa likitoci suke dogara da labarin da uwa ta bayar da kuma abin da suka ji da kunnensu a ƙirjin yaron. Suna duba ko abin yana dawowa akai-akai, ko yana tashi ko da babu mura, misali cikin dare ko da asuba ko in ya yi gudu ko dariya ko kuka, ko uwa ko uba na da asma, ko yaron na da ƙaiƙayin fata irin wanda ake kira ekzima. In alamomin sun taru sai a ɗora shi kan ta rigakafi na wata 2 zuwa 3 a gani, in ya samu sauƙi sosai sannan aka tsayar abin ya dawo, to nan ne ake fara kiran sunan asma da ƙwarin gwiwa. Kaga kenan wani lokacin inhelar ita kanta hanyar bincike ce.

Tari zalla kuwa, wanda babu fito babu haki, da wuya ya zama asma, kuma salbutamol ba maganin tari ba ne. Tarin bayan mura yana iya ɗaukar sati 2 zuwa 3 kafin ya tafi da kansa, zuma kaɗan tana taimakawa ga wanda ya wuce shekara ɗaya, jariri kam ba a ba shi zuma. Jarirai masu ciwon ƙananan hanyoyin iska da ƙwayar cutar RSV ke kawowa su ma ƙirjinsu na fito amma galibi inhela ba ta musu komai. Sai limoniya, wacce a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ake zarginta in numfashin ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40 a minti ɗaya, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 12, kuma in yaron na fito tsarin ya ce a fara shaƙa masa salbutamol har sau uku a sake ƙirgawa kafin a yanke cewa limoniya ce. Tarin da ya wuce sati biyu da rama da zazzaɓi a binciki tarin fuka, wanda sunansa ke rikita mutane da asma alhali cuta ce daban mai yaɗuwa. Yaron da ya ƙware da gyaɗa ko masara tari ya taso masa farat ɗaya, wannan abu ne ya faɗa hanyar iska, cirewa yake buƙata.

Yadda ake ba yaro maganin shi ne inda aka fi kuskure, kuma gaskiya abin na da ciwo, don sai a sayi magani da tsada a fesa masa a baki ya manne a harshe da maƙogwaro a ce bai yi aiki ba. Ƙaramin yaro bai san ya daidaita shaƙa da dannawa ba, dole sai da sifesa, wato bututun roba mai abin rufe hanci da baki. A girgiza gwangwanin, a manna abin a fuska ba tare da iska na zurarewa ba, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi kamar 5 ko 6, sannan a sake girgizawa in likita ya ce fiye da ɗaya. In yana tsala kuka maganin kaɗan ne ke isa huhu, gara a lallashe shi a cinya tukuna. Inda sifesa ta yi tsada ko babu ita, binciken da likitar yara Heather Zar da abokan aikinta suka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna robar lemo mai cin mililita 500 da aka huda gindinta aka cusa bakin inhelar tana aiki kusan daidai da ta kanti.

A ƙasar Hausa akwai tsoron wai in yaro ya fara inhela ya saba kenan har abada, ko tana raunana zuciya, sai iyaye su gwammace sirop ɗin salbutamol na kemis. Inhela ba ta sa jaraba, kuma sirop ɗin ya fi jinkirin aiki ya fi kawo karkarwar hannu da bugun zuciya, don jiki gaba ɗaya yake zagayawa. Ta rigakafi kan iya kawo farin abu a baki, shi ya sa ake goge wa yaro fuska a ba shi ruwa bayan ya shaƙa. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace a madafa da yaro goye a baya, turaren wuta a ɗaki rufe, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin janareta da sigari duk suna tayar da ƙirjin da dama yake da saurin tsukewa.

In haƙarƙarin yaro na lotsawa ciki, ya kasa shan nono ko ruwa ko magana, leɓensa ya sauya launi, ya yi laushi, ko an shaƙa masa shuɗiyar bai kai awa 4 ba numfashin ya sake sarƙewa, asibiti za a nufa a lokacin ko tsakar dare ne, ana ci gaba da shaƙa masa a hanya.