Tunawa da Baba Bayan Rasuwarsa: Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Duk lokacin da aka yi rashin dattijo mai 'ya'ya da jikoki, tambayoyin nan ne dai ake kawo mini. Ga amsarsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Me za mu fara yi masa?

Ku biya masa bashi. Kafin haƙa masa rijiyar sadaka, kafin rabon gado. Suratun Nisa'i ta ce sai an fitar da wasiyya da bashi ake rabo. Sanarwar liman a wurin jana'iza ba ta wadatar ba, kunya na hana mutane magana. Ku taka da ƙafarku zuwa wurin abokan huldarsa ku tambaya.

Laifi ne in na yi kuka?

A'a. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yaga tufafi aka hana. Kwantar da hankalinki, 'yata.

Mu yi sadakar uku, bakwai da arba'in, ko mu bari?

To, a nan sai a hankali, don na ga gidan da ya rabu biyu a kan wannan. Sadaka ga mamaci tana isa gare shi, malamai ba su yi jayayya ba. Saɓanin yana kan ware rana da tara jama'a. Malaman Izala suna ganin bidi'a ce, suna kafa hujja da cewa lokacin da sahabi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, ba su za su ciyar da mutane ba. Da yawa daga malaman ɗariƙa kuwa suna ganin taron addu'a ne da sadaka, ba laifi muddin ba a ɗauke shi wajibi ba.

Ya danganta kuma da inda kuɗin zai fito. In daga aljihun manyan 'ya'ya ne da yardarsu, wannan daban. In daga dukiyar da ya bari ne, alhali akwai marayu ƙanana cikin magada, kada a taɓa ko sisi. In kuwa sai an ci bashi za a kafa rumfa a yanka bijimi, me aka yi ke nan? Idan kai ba ka yarda da taron ba amma mahaifiyarka na so, yi mata bayani da ladabi, kada ka yanke zumunci saboda shi. Ku tuntuɓi malamin da Baba kansa yake zuwa wurinsa.

Zan iya sa hotonsa a Facebook?

Na gadon asibiti ko na gawa? Haba! Mutumin da ko ƙofar gida bai taɓa fita ba hula ba? Rubuta sunansa, ka roƙa masa addu'a.

Jikoki ƙanana za su manta shi.

Laifinku ne in sun manta. Ku ba su labarin sana'arsa da garin da ya taso, ku ɗauki muryar ƙannensa a waya tun suna raye. Ku riƙa kai yaran gaida aminansa. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa ba wani balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne.

Takabar Inna kwana nawa ce?

Wata huɗu da kwana goma. Ku 'ya'ya naku zaman makokin kwana uku ne, amma kada ku watse ku bar ta ita kaɗai a gidan.