Katangar maƙwabci ta faɗo wa yaro: wa zai biya?

Duk damina a Zariya sai ka ji katangar ƙasa ta zube, ko yaro ya faɗa rijiyar da ba murfi. A watan Agustan 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zazzau ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Tun daga nan nake kallon kowace tsagewar bango da wani ido daban.

Ashe ba ƙaddara ba ce?

Ƙaddara ce, amma ba ta wanke mai sakaci. Dokar ƙasa ta ɗora wa duk mai riƙe da wuri, gida ne ko shago, nauyin kula da lafiyar masu shigowa daidai gwargwado. Shari'ar Musulunci ma haka. Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanya, inda ba shi da iznin haƙawa, biyan ɓarnar da ta jawo yana wuyansa. Malaman Malikiyya sun yi maganar katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya samu lokacin gyara bai gyara ba, har ta faɗo wa wani, zai biya. Wannan gargaɗin shi muke jin nauyin yi don kada zumunci ya ɓaci, alhali shi ne zai iya tsare ran yaro.

A gidan haya fa, mai gida ne ko ɗan haya?

Kotu tana duba wanda ke da iko da wurin. Ɗakin da ka kama a hannunka yake. Amma matakalar bene, rijiyar tsakar gida da shaddar da kowa ke shiga, galibi suna wuyan mai gida. Na taɓa shiga wani gidan ɗalibai a Samaru, na ga wayar wuta tsirara tana reto dab da igiyar shanya, an ɗaure ta da baƙar leda. Kowa na sunkuyawa ya wuce. Mai gidan kuwa sai lokacin karɓar kuɗi ake ganinsa.

In wanda ya ji raunin ba a gayyace shi ba?

Haƙƙinsa ya ragu ƙwarai. Sai dai in ka san yara na wasa a kangonka, barin rami a buɗe na iya jawo maka shari'a.

Me wanda abin ya shafa zai yi?

Asibiti tukuna, a adana rasit da takardar likita. A ɗauki hoton wurin kafin a gyara, a riƙe sunayen waɗanda suka gani. A fara da mai unguwa, sau da yawa nan ake sasantawa. In ya ƙi ci, a nemi lauya da wuri, domin shigar da ƙarar neman diyya yana da wa'adi, in ya wuce kotu na iya ƙin saurara.